Shin Na'urar Binciken Kaya a Filin Jirgi Tana Goge Filash da Hadis?

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakin matafiya, musamman masu tace finafinai, da ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje, da 'yan kasuwar da duk lissafinsu ke cikin kwamfuta: wai na'urar nan da ake tura jaka cikinta a filin jirgin sama tana shanye abin da ke cikin filash, ko ta kashe hadis ɗungurungum. Har akwai masu ba da shawarar a naɗe memori da takardar alminiyam, ko a soke shi cikin safa a wuce da shi ta ƙofar da mutane ke bi. Amsar gajeriya ce: ba ta gogewa, ba ta lalatawa. Ko a filin jirgin Malam Aminu Kano ne, ko Diori Hamani na Yamai, ko Jidda, ko Dubai, tura kayanka cikin ramin hankali kwance. Sai dai kuma ba ƙarya ba ne mutane suna sauka daga jirgi su tarar aikinsu ya salwanta. Abin da ya cinye aikin ne daban, kuma sau da yawa ɓarnar tana aukuwa ne taku biyu ko uku daga na'urar da ake zargi. An bar jaki ana dukan taiki.

Na'urorin ba iri ɗaya ba ne

Abin da mutane ke haɗawa su kira sikana abubuwa uku ne, kowanne da yadda yake aiki.

Na farko shi ne ramin da bel ke jan jaka ya shigar. Da hasken eksire yake aiki, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Hasken yana ratsa jakar, abu mai nauyi ya tare da yawa, marar nauyi ya tare kaɗan, sai na'urar ta haɗa hoto daga abin da ya isa ɗaya ɓangaren. In ka saci kallon allon da ke gaban jami'in za ka ga launuka: ruwan lemo na abinci ne da tufafi da takarda da roba, kore da shuɗi na gilashi da ƙarafa, baƙi kuwa abin da hasken ya kasa ratsawa. Wannan baƙin shi ne abin da jami'i ba ya son gani. Takardar alminiyam ba ta tare komai, hasken wucewa yake yi ta cikinta. Jakar dalma da wasu ke saye tana tarewa, amma ladanta shi ne a tsayar da kai a zazzage kayanka ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu ita ce ƙofar da kake ratsawa ta yi ƙara in da ƙarfe a jikinka, tare da ƙanwarta, sandar da ake shafa maka a jiki. Waɗannan babu eksire a cikinsu, maganaɗisu ne mai rauni ƙwarai. Na uku shi ne ɗan ɗakin da ake cewa ka tsaya ka ɗaga hannu. Irinsa ya yawaita ne bayan yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disambar 2009, lamarin da 'yan Nijeriya ba za su manta ba. Da farko wasu daga cikinsu eksire suke amfani da shi, amma Tarayyar Turai ta hana wannan nau'in a 2011, Amurka kuma ta kwashe nata a 2013. Mafi yawan waɗanda suka rage igiyoyin rediyo gajeru suke fitarwa. Wannan ma bai shafi kayanka ba, tunda sai ka zube komai na aljihu kafin ka shiga. Akwai kuma ɗan ƙyallen da ake goga wa kwamfuta a saka a inji don neman burbushin abin fashewa. Gogawa ce kawai.

Yadda bayanai ke zaune a ciki

Hadis faifai ne mai sheƙi da ke juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, an shafe shi da sinadarin da ke riƙe maganaɗisu. Kowane hoto, kowace waƙa, ƙananan ɗigogin maganaɗisu ne da aka jera a kan faifan. Hasken eksire ba maganaɗisu ba ne, ba shi da abin da zai juya waɗannan ɗigogi. To ƙofar fa, tunda ita maganaɗisu ce? Duk wanda ya taɓa kwance mataccen hadis ya ga amsar da idonsa: a kusurwa ɗaya akwai wani lanƙwasasshen maganaɗisu mai ƙarfin da zai iya matse maka fatar yatsa in ka yi wasa, yana zaune dab da faifan tun ranar da aka ƙera shi, kuma bai goge komai ba. Kafin a goge hadis da maganaɗisu sai an kawo inji na musamman da ma'aikatu ke saye don wannan aikin kaɗai. Ƙofar filin jirgi ko baƙin layin da ke bayan katin ATM ba ta gogewa. Inda maganaɗisu ke da haɗari na gaske shi ne ɗakin MRI a asibiti, inda ƙarfinsa ke kaiwa tesla 1.5 zuwa 3, kuma can ba a barin kowa ya shiga da waya ko kati.

Filash da memori da SSD da ma'ajiyar cikin waya dangi ɗaya ne. Babu faifai, babu abin da ke juyawa. Wutar lantarki ce 'yar mitsitsiya ake kullewa cikin biliyoyin ƙananan gurabe, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. A nan masu tsoro suna da 'yar hujja, domin irin wannan haske in ya yi yawa yana iya kuɓutar da wutar da aka kulle. Shi ya sa masu ƙera tauraron ɗan'adam ke shan wahala wajen kare ma'ajiyarsa. Maganar dai ta yawa ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ke gindaya wa masu ƙera na'urorin binciken kaya ƙa'ida a can, ta ce abin da kaya ke sha a wucewa ɗaya yawanci milirad 1 ne (ma'aunin wannan haske) ko ƙasa da haka, alhali mutum yana samun kimanin 360 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, yana zaune a gidansa. Ka ga kenan wucewa ɗaya bai fi na wuni guda ba. Katunan memori da ake rubuta wa a jikin kwali cewa suna jure eksire kuwa, gwajin da ake yi musu ya kai milirad 10,000. Tun a 2004 ƙungiyar masu sana'ar kayan hoto ta duniya, tare da kamfanin SanDisk da hukumar tsaron sufuri ta Amurka, suka yi ta maimaita tura katunan kyamara cikin na'urorin filin jirgi, ba su ga hoton da ya lalace ba.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: a can sama, inda jirgi ke tafiya, hasken da ke zuwa daga sararin samaniya ya fi na ƙasa yawa nesa ba kusa ba. A doguwar tafiya, abin da kwamfutarka za ta sha tana kan cinyarka zai iya kai na ramin binciken ko ya zarce. Wanda ya yarda ya hau jirgi da ita ba shi da dalilin tsoron ramin.

Sababbin na'urorin da ke juya hasken kewaye da jaka su fitar da hoto ta kowace fuska, irin na filin jirgin Schiphol a Holan inda ba a cewa ka fito da laftof, sun fi tsofaffin ƙarfi. Haka ma manyan da ake binciken kayan awo da su a bayan fage. Duk da haka suna nesa da abin da zai taɓa filash. Faifan CD da DVD, layin waya, katin banki, da ɗan guntun lantarkin da ke cikin fasfo, duk lafiya suke fitowa. A ganina hujjar da ta fi kowace ƙarfi ba ta ɗakin gwaji ba ce. Tun Janairun 1973 Amurka ta wajabta binciken jakar hannun kowane fasinja, duniya ta bi sahu. Matuƙa jirgi da ma'aikatansa kullum wayoyinsu da kwamfutocinsu cikin ramin nan suke. Da yana gogewa, da su ne za su fara kuka.

Inda tsoron ya samo asali

Tsoron yana da tushe, tushen ne ya tsufa. Fim ɗin kyamara na da, wanda ake kaiwa wanki, haske ne ke rubutu a kansa, kuma bai san bambancin hasken rana da na eksire ba. Shi kam yana lalacewa: hoto ya fito da hazo ko da ratsi-ratsi. Kamfanin Kodak ya daɗe yana gargaɗin kada a sa fim cikin kayan awo, kuma da sababbin na'urorin suka shigo ya ƙara jan kunne cewa wucewa ɗaya ya isa ya ɓata shi. In kana cikin 'yan tsirarun da har yanzu ke ɗaukar hoto da fim, cire shi daga kwali, zuba a farar leda, ka roƙi a duba da hannu. Fim ɗin da aka riga aka wanke, da hotunan da aka buga, babu abin da zai same su.

Sai kuma abin da ya faru a Amurka a ƙarshen 2001, lokacin da aka aika wasiƙu ɗauke da ƙwayar cutar antiraks. Gidan waya ya koma gasa wasiƙun da ke zuwa ofisoshin gwamnati a Washington da haske mai tsananin ƙarfi don kashe ƙwayar, har takarda ta riƙa komawa ruwan ɗorawa tana karyewa, roba tana narkewa. A farkon 2002 ƙungiyar masu ƙera katin CompactFlash ta fito ta ce wannan gashin yana kashe katunansu. Gaskiya ne, amma ƙarfinsa ya ninka na filin jirgi sau miliyoyi. Labari ya yi ta tafiya baki zuwa baki, gidan waya ya faɗi a hanya, filin jirgi ya maye gurbinsa.

Mai ɗauke da tsofaffin kaset-kaset na waƙa ko wa'azi ko bidiyon biki, waɗanda rubutun maganaɗisunsu ya fi na hadis rauni, shi ma ramin ne ya fi masa. Ya bar su cikin jaka su bi bel, ya fi ya riƙe su a jiki a yi ta goga musu sanda.

Tun daga gida

Babban mai kashe hadis faɗuwa ce. Allurar da ke karatu ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a kansa da tazarar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. In aka buga shi yana juyawa, allurar ta daki faifan, shi ke nan an karce wurin. In a kashe yake allurar tana komawa gefe ta fake, sai ya fi jure wahala. Saboda haka kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba. Wadda aka rufe wa murfi barci take yi, tana iya farkawa cikin jaka ta yi ta aiki babu iska har ta ɗau zafi, batir ya ƙare. A Windows, danne maɓallin Shift yayin da kake kashewa, ka jira fitilu su mutu kafin ka saka ta.

Ka tabbatar kuma akwai caji. Tun Yulin 2014, a wasu filayen da ake tashi zuwa Amurka da Ingila, jami'i na iya cewa ka kunna na'urarka ya gani, wadda ta ƙi tashi kuwa ba za ta hau jirgi ba. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Bam ɗin da ya tarwatsa jirgin Pan Am a Lockerbie a 1988 cikin rediyo mai kaset aka ɓoye shi, wanda ya huda jirgin Daallo bayan tashinsa daga Mogadishu a Fabrairun 2016 kuma cikin laftof. Wannan ne ma dalilin da ake cewa ka fito da ita daga jaka: batir da ƙarafunan cikinta suna rufe abin da ke ƙarƙashinsu a hoto. Ba don a kare ta daga hasken ba ne, domin ita ma ramin za ta bi.

Sai kwafi. Abin da ke wuri ɗaya kaɗai, ka ɗauka ba ka da shi. Masu sana'ar adana bayanai suna da ƙa'ida: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga matafiyi, ma'anarta ka bar ɗaya a gida, ka ɗora mafi muhimmanci a Google Drive ko makamancinsa in data ta samu, sannan biyun da ke hannunka kada su kwana jaka ɗaya. Mai tace fim da ya ɗauko ɗanyen aikin wata uku a hadis guda daga Kano zuwa Legas caca yake yi, ko da babu na'urar bincike ko ɗaya a hanya.

A nan zan ɗan daɗe, domin ina ganin mafi yawan zargin da ake yi wa filin jirgi daga nan yake fitowa. Kasuwa cike take da filash da memori na jabu. An rubuta 128GB ko ma 1TB a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali abin da ke ciki bai wuce 8GB ba, an dai koya masa yin ƙarya. Kana zuba masa kaya yana karɓa ba musu, sunayen fayil duk suna bayyana, amma da ya cika ainihin cikinsa sai sauran su tafi iska, ko sabo ya hau kan tsoho. Mutum ya kwafi bidiyon biki daren tafiya, ya ga sunaye reras ya rufe. Ya isa Alkahira ya danna, ba abin da ya buɗe. Me ya shiga tsakanin jiya da yau? Filin jirgi. Sai a ɗora masa laifi, alhali bidiyon bai taɓa shiga filash ɗin ba. Maganinsa, gwada kowane sabon filash kafin ka ba shi amana: manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux, tana cika shi taf ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar girmansa. In babu lokacin wannan, bayan ka gama kwafi ka zare shi ta hanyar da ta dace, ka soka a wata kwamfutar, ka buɗe fayilolin da suka shiga daga ƙarshe, ka ja bidiyon har ƙarshensa. Arahar da ta wuce hankali ita kanta shaida ce.

Ka sa wa kwamfutar makulli tun daga gida. Kalmar sirrin shiga kaɗai ba ta isa ba, ɓarawo zai iya zare ma'ajiyar ya karanta a wani wuri. BitLocker a Windows da FileVault a Mac suna rikita abin da ke ciki yadda ba mai karantawa sai mai mabuɗi. Mabuɗin ceto na BitLocker lambobi 48 ne. Rubuta su a takarda ka ajiye nesa da kwamfutar, domin ranar da ta tambaye ka ba ka da su, kai ma ka zama baƙo. Na'urar bincike siffar hadis kawai take gani, ba ta karanta abin da ke ciki, ba ta kuma kwafa. Masu iya cewa ka buɗe waya su duba su ne jami'an kwastan da na shige da fice a wasu ƙasashe, Amurka na ciki. Abin da ba ka son a gani, kada ka yi tafiya da shi.

A bakin bel

Kafin layi ya zo kanka, kwashe duk abin da zai sa ƙofa ta yi ƙara ka zuba cikin jaka: makullai, sulalla, agogo, maɓallan hannun riga, bel ɗin wando. Mai babbar riga ya laluba aljihunan ciki da kyau, Hajiya kuma ta rage awarwaro tun a layi. Dalili shi ne duk minti ɗaya da aka tsayar da kai ana shafa maka sanda, laftof ɗinka tana can ƙarshen bel ita kaɗai, cikin hannuwan mutanen da ba ka sani ba. Wani sata zai yi, wani kuma tsakani da Allah zai ɗauka don irin tasa ce sak. Manna mata wata alama babba a murfi, da lambar waya a ƙasa.

Tura takalmi da tarkace da farko, jaka ta biyo, laftof ta zo ƙarshe, kuma kada ka sake ta sai ka ga wanda ke gabanka ya ratsa ƙofa. Ba ta tire nata ita kaɗai, a kwance, ba a ɗora ta kan jaka ba, ba a ɗora mata komai ba. A ƙarshen ramin akwai 'yan sandunan ƙarfe masu juyawa inda tire ke gangarowa su yi ta karo da juna. Abin da aka ajiye a karkace nan yake zamewa ya sha ƙasa. Hadis na waje ya zauna cikin 'yar jakarsa mai soso, an zare masa waya, domin wayar da aka bari a soke ita ce ke karya bakin in an danne. Filash da memori kada su zauna tsirara a tire. Ƙaramin memorin waya milimita 15 ne da 11, in ya faɗa tsakanin sandunan nan sai dai haƙuri. Tara su a ƙaramin gwangwani ko jaka mai zif, cikin babbar jaka.

In kana ɗauke da hadis da yawa, faɗa tun kafin a tambaye ka: "Yallaɓai, akwai laftof da hadis uku a ciki, in fito da su?" Wannan yana rage zazzage, kuma in za a buɗe, kai ne za ka fito da su da hannunka. Kada ka tsaya gardamar sai an duba maka da hannu don tsoron haske. Ba za ka ci wannan gardamar ba, kuma miƙa kaya daga hannu zuwa hannu ya fi bel haɗari. Mai yada zango a Adis Ababa ko Istanbul zai iya sake bin wani layin. Sau biyu ko sau biyar, duk ɗaya ne.

Kayan awo da fawabank

Kada ma'ajiyar bayanai ta shiga kayan awo. Ba don na'urar da ke can ba, sai don jifa da danniya da ɓata da yankan jaka. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade iyakar diyyar kaya, wadda tun ƙarshen Disambar 2024 take kusan dala 2,000 ga kowane fasinja, kuma ba mai biyan ka kundin digirin da ke ciki. A kula da wani tarko: wani lokaci a ƙofar jirgi ake karɓar jakar hannu a kai ta ƙasa, saboda jirgin ƙarami ne ko ma'ajiyar sama ta cika. Kafin ka miƙa, tsaya ka zare laftof da hadis da fawabank, ko da na bayanka suna tsaki.

Fawabank shi ne abin da aka fi ƙwacewa a hannun mutanenmu, tunda rashin wuta ya sa muna son manya. Doka ta hana shi shiga kayan awo sam, saboda batirin litiyam in ya kama wuta a can ƙasa ba mai gani. A jakar hannu ana barin wanda bai wuce 100Wh ba. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura 160 kuwa ba ya hawa. Lissafin mai sauƙi ne: ninka lambar mAh da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74, ya wuce. Mai 30,000 ya zama 111, sai an nemi izini. Mai 50,000 ya zama 185, bar shi a gida. Wanda rubutun jikinsa ya goge ma ana iya karɓewa. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga cikin ƙasar Sin su sani, tun ƙarshen Yunin 2025 jiragen cikin gida a can ba sa ɗaukar fawabank marar tambarin 3C. Emirates kuma ta hana amfani da shi cikin jirgi tun Oktoban 2025. Duba ƙa'idar kamfaninka kafin ranar tafiya, domin tana yawan canzawa.

In ka isa ka tarar babu komai

Kada ka yi gaggawa, yawancin abin da ya ɓace yana nan. In na'urar ta yi sanyi ƙarara ka fito da ita cikin iska mai laima, bar ta ta ɗumama kamar awa ɗaya kafin ka kunna, saboda raɓa. In hadis bai nuna ba, canza waya, canza rami, gwada wata kwamfutar. Sau da yawa wayar ce ta mutu.

In Windows ta ce sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, ce mata a'a. Wataƙila a Mac aka tsara shi da tsarin da Windows ba ta iya karantawa, abin da ke yawan faruwa tsakanin masu ɗaukar hoto da masu tacewa. Mai yawo tsakanin kwamfutocin biyu ya tsara faifansa da tsarin exFAT tun farko.

In ka buɗe filash ka ga foldoji sun koma 'yan alamomi masu kibiya, ko ka ga wayam, tuna inda ka soka shi na ƙarshe. Galibi shagon buga takardu ne, inda aka fitar maka da tikiti ko biza. Bairos ɗin nan ne mai ɓoye fayil. Duba girman abin da ke cikin filash ɗin: in har yanzu yana nuna a cike, kayanka suna nan. Kada ka danna alamomin. Wanke shi da manhajar kashe bairos, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filash ɗinka. Foldojin za su dawo. Gaba in za ka buga takarda, tura ta ta imel ko WhatsApp, ko ka ware wani filash na banza don wannan aikin.

In kuwa an goge ne ko tsarin ya rikice, daina zuba komai a kai, domin sabon abu kan tsohon yake hawa. Manhajojin PhotoRec da Recuva suna dawo da abu mai yawa, amma abin da suka ceto a wani faifan daban za ka ajiye shi. Hadis ɗin da ke ƙas-ƙas ko ƙugi in an soka shi, allurarsa ce ta samu matsala, kuma kowane kunnawa ƙara karce faifan yake yi. Zare shi nan take. Kada ka bubbuga shi, kada ka sa shi a firji kamar yadda wasu ke faɗa, kada kuma ka bari a kwance murfinsa a teburin mai gyaran waya, domin ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa shi. Nemi masu ceto bayanai da ke da ɗaki marar ƙura, ka tambayi kuɗin aikin kafin ka miƙa.